Malam Sali da Silinda ta Uku ta Motar Gawa

Ranar Laraba da la'asar motar gawa ta layinmu ta sake hawa tudun da ta mutu a kansa kwana goma sha ɗaya da suka wuce. Wanda ya tuƙa ta, wanda kuma ya gyara ta, shi ne Malam Sali makanike, ɗan shekara sittin da takwas, mai gareji a bayan masu tsire a Briqueterie, nan Yaoundé. Wannan ne aikinsa na ƙarshe. A ƙarshen wata zai rufe garejin bayan shekara arba'in da huɗu yana sana'ar, saboda gwiwoyinsa sun daina yarda da tsugunno. Gyaran ya ɗauke shi kwana biyu. Kafin gyaran kuwa sai da ya gano abin da ya kashe injin, a gaban jama'a, a ranar da mutuncin wani bawan Allah ya dogara da amsar da zai bayar.

Duk wanda ke bin layin da safe ya san shi. Bayan asuba yakan sha shayinsa a tsaye, ya buɗe ƙyauren kwano, ya share ƙasa, ya shimfiɗa buhu ya jera sifanu daga ƙarami zuwa babba. Abu na ƙarshe da yake fitarwa shi ne akwatin katako mai ɗauke da agogon gwajin matsi, wanda ya zo da shi daga Garoua yana saurayi. Ba ya karɓar motocin zamani masu kwamfuta. Nasa su ne tsofaffin Fijo da Reno, waɗanda dattawan Cité Verte suka ƙi rabuwa da su, da akori-kurar da ke jigilar buhuna daga kasuwar Mokolo tun kafin a haifi direbobinsu.

Yana da ƙa'ida biyu da bai taɓa saɓawa ba. Ba ya faɗin ciwon mota sai ya auna. Kuma idan ya zo aunawa, mai motar ne zai karanta allurar agogon da bakinsa, shi kuma ya rubuta lambar da alli a jikin ƙyaure.

Tasalla, wadda ta shekara ashirin tana sayar da shinkafa da wake a ƙofar garejin, ta ce ta ga ranar da wannan ƙa'ida ta kama shi da kansa. Wani malamin makaranta ya dawo da motarsa mako guda bayan an gyara ta, tana karkarwa. Malam Sali ya ɗaura agogo, malamin ya karanta, aka bi sawu har aka gano cewa shi Malam Sali ne ya ɗaure bawul fiye da kima. A cewarta bai ja malamin gefe ba. A nan gaban masu cin abinci ya ce laifinsa ne, ya rubuta lambar a ƙyaure kamar ta kowa, ya bar ta har ruwan sama ya wanke. Ta ce tun daga ranar ta daina yi masa gardama a kan komai, in ban da yawan barkono.

Motar gawar tsohuwar Fijo 504 ce fara, mai dogon baya, ta shekarar 1978. Mahaifin Alhaji Halilu, shugaban kwamitin jana'iza na yanzu, shi ya ba da ita sadaka kafin ya rasu. Shekara goma sha tara ke nan Misbahu ne ke tuƙa ta. Tela ne, kuma duk sa'ad da aka yi rasuwa yakan ajiye ɗinki ya ɗauko makulli.

Ranar Asabar ɗin da abin ya faru, gawar da ke ciki ta Hajiya Adawiyya ce, yayar Alhaji Halilu. Ana tsakiyar hawan da ke kafin maƙabarta, ruwa na zuba, motar ta yi tari ta ja baya kaɗan ta mutu. Aka sa mata dutse. Misbahu ya murza makulli sau bakwai, tana tashi tana karkarwa, da ya saki kuloci sai ta sake mutuwa. Aka sauke makara aka ƙarasa da ita a kafaɗa cikin jan laka. Washegari aka aiko wurin Misbahu a karɓi makullin.

Kafin sadakar uku magana ta bazu cewa wani ya ga farar 504 da sassafe a bakin mayankar Etoudi ana loda mata nama. Ba wanda ya san wane ne ya gani. Mai wani gareji da aka kai motar ya saurari ƙarar injin, ya ce ya ƙare, kaya ne da gudu suka cinye shi. Mutane suka haɗa biyun. A unguwa irin tamu, a ce mutum ya ɗauki nama a motar da ake ɗaukar iyayen mutane, ba ƙaramar magana ba ce. Masu kawo wa Misbahu ɗinki suka fara aiko a karɓi yadinsu. Kwamiti ya yanke cewa ranar Juma'a bayan salla za a sanar da cire shi, a kuma faɗi dalili.

Limamin layin, Malam Baha'uddeen, shi ya ce kafin a ambaci sunan mutum a masallaci a kai motar wurin Sali.

Aka jawo ta ranar Litinin da hantsi. Mutum kusan talatin suka biyo ta. Malam Sali ya dubi taron, ya dubi Misbahu da ke tsaye shi kaɗai a jikin bango kamar baƙo, ya kuma san abin da ke gabansa. Alhaji Halilu abokinsa ne na shekara talatin, shi ya yi wa 'yar Malam Sali walicci. Misbahu kuwa gaisuwa ce kawai tsakaninsu. Kuma shi kansa bai san abin da agogon zai nuna ba.

Ya bar injin ya yi ta karkarwa har ya ɗauki ɗumi, sannan ya kashe. Ya cire buji huɗun, wato abin da 'yan Nijeriya ke kira filogi, ya jera su a kan buhu bi da bi. Ya zare wayar wuta. Sai ya yi wa taron bayani a taƙaice: injin nan silinda huɗu gare shi, a cikin kowace akwai fistan da ke matse iska da mai kafin wuta ta kama. Idan akwai inda iskar ke zurarewa, matsi ya ragu, ƙarfi ya tafi, mota ba ta hawa tudu. Agogon zai nuna wace silinda ce ke zubar da iska.

Ana bukatar mai murza makulli. Idan Misbahu ya murza za a ce ya yi dabara, saboda haka Malam Sali ya buɗe wa liman ƙofa. Malam Baha'uddeen ya ce shi ko keke bai iya ba.

"Shi ya sa na zaɓe ka, Malam. Taka wannan na dama har ƙasa, kada ka tausaya masa. In na ce murza, ka murza, in na ce saki, ka saki."

Wasu suka yi dariya, ba ta daɗe ba.

Ya ɗaura agogon a ramin buji na farko, ya kira Alhaji Halilu ya matso. Alhaji ya ce shi ba makanike ba ne. Malam Sali ya ce ai ko a kasuwar Mokolo Alhaji ke karanta sikeli da kansa. Injin ya juya sau shida, allura ta yi tsalle tana hawa, ta tsaya.

"Onze," in ji Alhaji.

Sha ɗaya. Aka rubuta a ƙyaure. Ta biyu ma sha ɗaya. Malam Sali ya ɗan daɗe yana kallon lambobin, don injin da ya haura shekara arba'in bai kamata ya kai haka ba. Ya koma ta uku. Allura ta motsa da ƙyar, ta hau kaɗan, ta tsaya.

"Quatre."

Alhaji ya maimaita da Hausa don na baya su ji: huɗu. Ta ƙarshe ta ba da goma da rabi, amma ba wanda ya saurara. Aka fara juyawa ana kallon Misbahu. Wani daga baya ya ce to ai magana ta ƙare. Misbahu ya cire hularsa ya riƙe a hannu, ya mayar, ya sake cirewa.

Malam Sali ya ce yanzu aka fara. Ya aika aka aro masa cokalin shayi wurin Tasalla, wadda ta ce in ya shafa masa baƙin mai ya riƙe, ta yafe. Kafin ya zuba komai ya tsaya ya faɗa wa kowa hukuncin gwajin, don kada daga baya a ce ya karkata shi. Zai zuba cokali ɗaya na baƙin mai a silinda ta uku. Idan ringin da ke jikin fistan ya cinye, man zai toshe giɓin na ɗan lokaci, allura ta haura zuwa takwas ko tara.

"In ta haura, injin nan ya sha kaya da zafi, kuma zan faɗa a gaban Misbahu. In ta tsaya a huɗu, ringi lafiyarsa lau, sai mu nemi iskar a wani wuri. Alhaji, ka ji? Misbahu, ka ji?"

Dukansu suka ce sun ji.

Ya zuba man, ya juya injin da hannu sau biyu don ya bazu, ya ɗaura agogo. Liman ya murza. Malam Sali bai kalli allurar ba, ya kalli ƙasa yana ƙirga juyi. A na shida ya ce a saki. Alhaji Halilu ya sunkuya, ya gyara tabarau, ya daɗe.

"Quatre," ya ce. "Da ɗan kaɗan."

Ya ce a sake. Aka sake, allura ta tsaya a inda ta tsaya. Malam Sali ya rubuta huɗu ta biyu a ƙarƙashin ta farko.

Daga nan ya ɗauko wani tsohon buji da ya fafe cikinsa ya liƙa masa bakin hura iskar taya, ya ɗaura a ramin, ya daidaita fistan a sama, aka jawo tiyo daga injin iskar mai facin da ke maƙwabtaka da shi. Da iska ta shiga, ya roƙi jama'a su yi shiru. Ya buɗe murfin lagireto, ruwan bai yi kumfa ba, saboda haka gasket, shimfiɗar da ke ƙarƙashin kan injin, bai fashe ba. Ya kara kunne a inda ake zuba baƙin mai, ba komai sai ɗan huci. Ya saurari kabureta, shiru. Sai ya dafa jikin motar ya zagaya baya, ya tsugunna da ƙyar a bakin salansa, ya kira Alhaji ya kawo hannunsa. Alhaji ya tattare farar rigarsa ya durƙusa a jar ƙasa. Iska na fita ta salansa, har tana kaɗa gashin hannunsa.

Malam Sali ya ce bawul ɗin fitar da hayaƙi na silinda ta uku ne ba ya rufewa. Misbahu ya ɗago kai a karo na farko. Malam Sali ya ce masa kada ya yi saurin murna, don bawul yana ƙin rufewa ta hanya biyu: ko ya ƙone, wanda gudu da zafi kan jawo, ko wani abu ya tokare shi. Sai an buɗe kan injin za a sani.

Aka tashi sallar azahar. Misbahu ya tsaya a sahun ƙarshe. Malam Sali ya ƙi taɓa ƙusa ko ɗaya sai da mutane suka dawo, don kada a ce ya canza wani abu a bayan idonsu. Sa'a biyu ya yi yana kwancewa. Wajen la'asar mutum biyu suka taya shi ɗaga kan injin aka kife shi a kan buhu.

Cikinsa baƙi ne ƙirin. Kunkunniya ta yi ɓawo mai kauri kamar ƙanzon tukunya a kan dukan fistan huɗun, abin da ya cike gurbi har sauran silindojin suka nuna sha ɗaya ko kusa da haka. Ya zare bawul na uku ya goge bakinsa ya ɗaga sama. Bai ƙone ba, bai tsage ba, gefensa a zagaye yake. Sandarsa ce ta daskare da baƙin danƙo, kuma wani ɓawon kunkunniya ya maƙale a mazauninsa. Ya sa Alhaji ya zura yatsa ya shafa bangon silindar. Sumul, babu karce.

Sai ya juya ga Misbahu ya yi masa tambayoyi, kowa na ji. A wace giya yake tafiya? Ta ɗaya, wani lokaci ta biyu, don masu rakiya a ƙasa suke. Yana kashe injin a ƙofar gidan rasuwa? A'a, daga gida har a gama binnewa a kunne take, wani lokaci sa'a biyu, da cok mai ƙara wa injin fetur a jawo, don kada ta ƙi tashi a gaban mutane. Tana fita in ba gawa? Ba ta taɓa ba. Wa ya ce a yi haka? Liman ne ya amsa, ya ce sharuɗɗan marigayin da ya ba da motar ne, kuma Alhaji Halilu da hannunsa ya rubuta su a takardar kwamiti.

"To shi ne ciwon," in ji Malam Sali. "Shekara goma sha tara motar nan tana tafiyar ƙafa. Injin da ba ya zafi ba ya ƙone dattinsa. Girmamawar da kuka yi mata ce ta toshe ta."

Alhaji Halilu yana goge yatsansa da hankici. Ya tambaya, ba tare da ya ɗago ba, ko wannan na nufin ba a ɗauki naman ba.

A nan ne masu goyon bayan Misbahu suka so Malam Sali ya ce eh. Bai ce ba.

"Alhaji, ban je Etoudi ba, kuma agogona ba ya jin ƙanshin nama. Abin da na sani shi ne, da motar nan tana hawa tudun Etoudi da kaya, ko sau ɗaya a mako, da wannan baƙin ya ƙone ya fita ta salansa tuntuni. Ba kaya ne ya kashe ta ba, ba gudu ba ne. Wanda ya ce ya gani da idonsa, ga liman nan, ya zo ya faɗa."

Aka jira. Ba wanda ya fito. Wani dattijo ya ce farar 504 mai dogon baya ai ya san guda uku a garin nan. Taron ya fara watsewa biyu-biyu, wasu suna miƙa wa Misbahu hannu a kan hanyarsu ta fita, wasu suna bi ta ɗaya gefen.

Talata Malam Sali ya wuni yana kankare kunkunniya, yana wasa bawul takwas a mazauninsu da hannu, ɗaya bayan ɗaya. Laraba da safe ya rufe injin, ya sake aunawa. Wannan karon liman ya karanta: goma, goma, tara da rabi, goma.

Malam Sali, kai ne wanda aka kawo wa magana a dafe, ka ce a dakata a auna. Kai ne ka faɗi hukuncin gwaji kafin ka ga sakamakonsa, alhali abokinka na shekara talatin yana tsaye a gefe ɗaya, wanda ba ka haɗa komai da shi ba yana ɗaya gefen. Da allura ta haura da ka faɗa, mun sani, don mun ga ka rubuta naka laifin a ƙyaure. Da aka so ka ƙara a kan abin da ka gani, ka ƙi, ko da yake ƙarin zai faranta wa rabin taron rai. Sali mai alli, mun gode. Allah ya ba gwiwoyinka sauƙi, ya sa hutun ya yi albarka.

Ga masu gareji da ke tasowa, waɗanda ke jin ƙarar injin daga nesa su ce ya ƙare, ƙyauren nan yana nan har ƙarshen wata, lambobin ba su goge ba. Ku je ku gani, ku tambaye shi yadda ake yi tun yana kusa. Mu ma da ba makanikai ba, muna da abin ɗauka, don maganar Etoudi ta bi ta bakunan da yawa daga cikinmu kafin ta isa kwamiti.

Ya bar wa kwamiti shawara ɗaya: kowane mako a fitar da motar babu kowa a ciki, a hau babban titi, a ba ta wuta na rabin sa'a. In ba haka ba, in ji shi, cikin shekara biyu za ta koma yadda take, kuma a lokacin ba ya nan. Shawarar ta raba kwamiti. Wasu sun ce sharaɗin marigayi ba ya canzuwa. Wasu sun ce in aka ga motar gawa tana gudu a titi, rabin unguwa za su fito tambayar wa ya rasu, sauran kuma su tambayi ina direba za shi.

Ranar Juma'a ba a ambaci sunan Misbahu a masallaci ba, ba a cire shi ba, ba a kuma wanke shi ba. Mutum biyu sun mayar masa da yadinsu. Kwamiti ya ce zai zauna bayan sadakar arba'in ta Hajiya Adawiyya. Zuwa safiyar yau motar tana ajiye a ƙofar masallaci da injin lafiyayye, makullinta kuma yana aljihun Alhaji Halilu.